Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Ya

An ce yanzu akwatin yana can arewa, bayan duwatsu, a gidan wasu rahibai, malaman coci. Sun zuba ƙasusuwan wani waliyyinsu a ciki suna kunna masa kyandir. Ba shi kaɗai ya yi wannan tafiya ba. Shekarar da fitina ta cinye birnin Ƙurɗuba, akwatunan hauren giwa da yawa sun bi sojan haya sun tafi, abin da aka sassaƙa don almiski da kafur ya koma ma'ajin ƙashin matattu. Masu zuwa daga can sun ce rahiban har sumbatar rubutun murfin suke yi, a zatonsu reshen inabi ne aka zana. Wannan duk mai sauƙi ne, ganima ce, kowa ya san halin yaƙi. Abin da ke ƙona rai game da akwatin nan ya faru ne tun gari yana zaune lafiya, a tsakanin mutanen da suka iya karatu sarai.

Wanda ya sassaƙa shi Yusru ne, bawa a gidan wani babban waziri. A duk faɗin birnin babu wanda ya kama ƙafarsa a aikin hauren giwa, ko maƙiyansa sun yarda da haka, ga shi kuwa ya tara su da yawa saboda bakinsa ba shi da linzami. In aka miƙo masa aikin wani masassaƙi ya duba, sai ya juya shi sau biyu ya tambaya ko da haƙori aka ƙwaƙule shi.

Rana ɗaya aka sayo su shi da Bishru, suna ƙanana, cikin ayari ɗaya da aka gangaro da shi daga arewa. Dillalin da ya sayar da su shi ya raɗa musu sunayen don su yi daɗin kira a bakin mai saye: Yusru da Bishru, wato sauƙi da fara'a. Sunan da uwarsa ta sa masa tuni ya ɓace wa Yusru. Ya sha zama ya matsa kansa ko zai tuno farkonsa, bai taɓa samu ba, don haka wannan na dillali shi ke nan abin da ya mallaka a duniya. Bishru aka dandaƙe aka shigar da shi sashen mata, ya yi ta hawa har aka 'yanta shi, aka ɗora shi a kan masu sana'ar gidan duka, masaƙa da maƙera da masassaƙa. Yusru kuwa rumfar sassaƙa aka tura shi, shekara talatin da ɗoriya yana nan a bawansa. In su biyu ne, ɗan'uwa suke ce wa juna. In da mutane, Yusru ya ce ranka ya daɗe ya sunkuyar da kai.

Wata shekara waziri ya dawo daga yaƙin bazara da ransa bayan an gama raɗe-raɗin ya mutu. Mahaifiyarsa, Sayyida Nujaima, ta sa aka sayo haure mafi kauri cikin waɗanda fatake suka tsallako da su daga bayan hamada, ta ce a yi mata akwatin turare wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ta kuma rantse a gaban kuyanginta da limamin gidan cewa hannun da ya sassaƙa shi, in dai ya gamsar da ita, duk abin da ya roƙa za ta ba shi. Sayyida mace ce mai zafin rai da ba ta son gyara, amma ba ta wasa da rantsuwa, tsoronta take ji kamar wuta. Kowa a gidan ya san abin da Yusru zai roƙa. Takarda guda ce, mai shaidu biyu da hatimin alƙali, wadda za ta ce shi ɗa ne, ba bawa ba.

Dalilin takardar kuwa yana bakin gada yana suya. Galiya matarsa 'ya ce, ba baiwa ba, tana sayar da soyayyen ƙullin alkama, wani da cuku a ciki wani babu, a tsoma a zuma a ci da zafinsa. Bawa ba ya kwana inda ya ga dama, daga yammacin Alhamis zuwa bayan sallar Juma'a kawai ake sakin Yusru ya je wurinta, haka suka yi shekara goma sha bakwai. Tana da ɗan fegi da ta gada a wani ƙauye, tafiyar yini biyu, da itacen ɓaure huɗu da rijiya. Kullum zancensu ke nan, yadda za su rufe kaskon suya su tafi can, shi ya riƙa fafe cokulan itace yana zagin masassaƙan ƙauye.

Wata goma sha huɗu ya yi a kan akwatin. Ya yanka hauren allo-allo, ya jera su a inuwa har suka daina motsi, don haure yana da rai ko bayan giwa ta mutu, in ka yi masa gaggawa sai ya tsage maka. Sannan ya shiga huji da ƙwaƙula. Ganye a kan ganye, har mutum ya rasa inda ƙasan aikin yake. A gaba ya fito da maharbi a kan doki da shaho a hannunsa, a gefe ɗawisu biyu sun harɗe wuya, a baya barewa biyu suna cin 'ya'yan itace ɗaya. Idanun dabbobin ya dasa musu baƙin dutse ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Abinci yakan huce a gefensa har ƙudaje su gaji da shi. Kewaye da murfin ya zagaya da tsohon salon rubutun nan na Kufa kamar yadda aka saba: albarka daga Allah da ni'ima da tsawon rai ga Sayyida, sannan shekara, sannan a ƙarshe, an yi shi a ƙarƙashin kulawar Bishru. Haka ake yi, sunan shugaba ne ke hawa murfi ko da bai taɓa riƙe wuƙa ba.

Masassaƙi kuma yana da nasa wurin. Al'adar masu wannan sana'a ce su ɓoye sunansu a wani lungu, a kan garkuwar maharbi ko a gindin ganye, ƙanƙane, manyan gari kuma sun san da haka, har nishaɗi suke yi da nemansa. Yusru ya zaɓi bayan akwatin, dab da inda siririn maɗaurin azurfa zai haɗa murfi da gangar jiki. Nan ya sa kalma biyu: aikin Yusru.

Alhamis ɗin da ya gama, ya isa bakin gada yana tafiya kamar shi ya gina ta. Ya zauna a kan kujerar da ke bayan kasko ya karanta wa Galiya rubutun murfin da ka, tun daga albarka har Bishru. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ina nasa sunan a cikin duk wannan surutu. Ya jawo allon murjinta, ya baza garin alkama da tafin hannu, ya zana mata da ɗan yatsa: haƙori ɗaya mai ɗan tsawo, gajeru uku a jere, sai wutsiya ta gangara.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Duk cika bakin nan, ashe haƙora huɗu ne da wutsiya. To rubuta min na ɗan'uwan naka mai tumbi in gani."

Ya zana a ƙasa. Ta sunkuya ta duba na sama, ta duba na ƙasa, ta goge ido da bayan hannu.

"Malam, ko gari ne ya shiga idona? Ai tagwaye ka haifa min."

Ya yi dariya, ya ce ashe tana da ido. Ya nuna mata cewa bambancin a ɗigo yake. Ya dangwala biyu a ƙarƙashin haƙorin farko, ya ce wannan harafin ya ke nan, ga Yusru. A ɗayan ya dangwala ɗaya a ƙasa, uku a sama, ya ce ga Bishru. Ta ce to ya je ya sa ɗigon a jikin akwatin mana. Nan fa ta taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce ɗigo na 'yan makaranta ne da marubutan kasuwa masu rubuta wa ƙauyawa wasiƙa. Rubutun Kufa a kan haure ba a ɗiga masa, tun kakannin sana'a haka aka gada, in ka ɗiga sai ya zama kamar ƙuda ya yi kashi a kan nono. Kuma wane ne a Ƙurɗuba zai zaci Bishru ya iya sassaƙa, mutumin da ko rumman ya fasa sai ya yanke yatsa?

"Ni dai ban yi karatu ba," ta ce, tana juya abin da ke cikin mai. "Amma in na soya biyu iri ɗaya, ɗaya da cuku ɗaya babu, mai cukun nakan tsaga masa kai. Ba na cewa ai mai saye ya san halina."

Ya ce ta kula da manta kada ya ƙone, ta bar masa haure. Ta share garin da gefen hannu ta mayar cikin kwano.

Ranar miƙa akwatin, Yusru ya sa sabuwar taguwar da Galiya ta ɗinka masa, ya tsaya a tsakar gida ƙarƙashin itacen lemo, don namiji irinsa ba ya wuce ƙofar sashen mata. Bishru ne ya shiga da akwatin a kan matashi. Tun hantsi Yusru yake maimaita abin da zai faɗa in aka kira shi bakin labule, har aka yi azahar ba a kira shi ba. Da ƙofar ta buɗe, Bishru ne ya fito cikin koriyar alkyabba wadda bai shiga da ita ba, ya wuce ta gabansa yana kallon ƙasa.

Abin da ya faru a ciki, kuyangi sun kai shi bakin gada kafin la'asar. Sayyida ta ɗauki akwatin ta yi ta jujjuya shi har aka fara tsorata, sannan ta karanta murfin da ƙarfi, tana bin sa da yatsa har zuwa sunan Bishru. Sai ta shiga neman ɓoyayyen suna tana dariya kamar yarinya. Ta same shi a bayan akwatin. Idonta yanzu-yanzu ya bar wannan siffa a kan murfi, ga ta kuma a nan, haƙora huɗu da wutsiya. Ta karanta: aikin Bishru. Ta ɗago kai ta ce ashe shi ne da hannunsa, shekara talatin yana gabanta ya ɓoye mata irin wannan baiwa? Kuyangin sun ce Bishru bai musa ba. Daga nan ya faɗi ya sumbaci shimfiɗa. Da ta ce ya roƙa, ya roƙi lambun nan na bakin kogi mai itatuwan zaitun, ta ba shi.

Washegari ya zo rumfar sassaƙa da kansa, ya sallami kowa, ya zauna a kan buhun ɓarɓashin haure da alkyabbarsa.

"Ɗan'uwa, ita ta karanta, da bakinta, a gaban mata arba'in. So kake in ce mata ranki ya daɗe ba ki iya karatu ba?"

"So nake ka ce ba kai ba ne," in ji Yusru. "Bai kai tsawon atishawa ba."

Bishru ya ce shi bai san zaman cikin gida ba ne, can ciki ba a ce wa Sayyida a'a ko da ta kira rana wata. Yusru ya ce to ya ji, tsoro ne, kowa yana da shi. Amma da aka ce ya roƙa, me ya hana shi roƙa wa ɗan'uwansa takardar? Lambu ne ba shi da shi, ko zaitun ne bai taɓa ci ba? Bishru ya daɗe yana murza zoben hannunsa kafin ya amsa, kuma amsar ita ce ta fi komai ciwo, don gaskiya ce tsirara.

"Ta riga ta ce in yi wa jikarta mataji da gidan madubi. Da hannuna. In ka tafi ƙauye cin ɓaure, wa zai yi?"

Nan Yusru ya gane cewa akwatin da ya sa rai zai kwance shi, shi ne ya ƙara masa ɗauri. Da can bawan waziri ne, wanda wata rana za a iya tausaya masa. Yanzu ya zama hannun Bishru, kuma ba mai yanke hannunsa ya yar. Bishru ya tashi yana cewa ya yi haƙuri, lokaci zai zo, ba zai manta da shi ba. Ya aiko masa da tulun man zaitun daga sabon lambun a kakar farko, da ta biyu, daga nan kuma ya daina.

Galiya ba ta zauna ba. Ta tare wata tsohuwar kuyanga mai sayen suyarta, ta roƙe ta don Allah ta raɗa wa Sayyida gaskiya. Matar ta kama kunnenta biyu, ta ce an taɓa sayar da wata a gidan nan don kawai ta gyara wa Sayyida sunan wani tsuntsu. Kowa a sashen mata ya san wanda ya sassaƙa akwatin, in ji ta, har masu wanke tukwane, amma babu mai faɗa. Sai dai in Sayyida ta gano da idonta, ita kaɗai, ba wanda ya nuna mata. In haka ta faru, to lallai za ta cika rantsuwarta ko da gidan zai rushe, don ba za ta yarda ta shiga kabari da rantsuwar da ta faɗa a hannun da ba nata ba.

Shekara tara suka wuce a haka. Yusru ya yi mataji, ya yi gidan madubi, ya yi battoci na kwalli da na ambar ba adadi, bai ƙara sa suna a kan ko ɗaya ba. Bakinsa ya mutu, har masassaƙan da ya saba zagi suka fara jin kewar zagin. Idonsa ya fara hazo, sai ya kai aiki dab da hanci. Gwiwoyin Galiya suka fara ciwo saboda tsayuwa gaban kasko, biyu daga itatuwan ɓauren nan kuma aka aiko musu cewa sun bushe. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai dai duk Alhamis in ya zauna a bayanta yakan ga tana tsaga kan mai cuku da bakin wuƙa kafin ta jefa a mai, sai ya kau da kai ya kalli kogi.

A shekara ta goma maɗaurin akwatin ya karye. Ba abin mamaki ba ne, don Sayyida ta tsufa amma ba ta bar al'adarta ba: duk safiyar Juma'a sai ta buɗe shi da kanta ta ɗebi turare, ta bi rubutun da yatsa tana karantawa, har da ɗan sunan nan na baya. Aka fito da shi gyara. Kafin a kai wa maƙerin azurfa dole masassaƙi ya duba ko hauren ya tsage, don haka Bishru ya ajiye shi a rumfar Yusru ya ce nan da kwana uku zai zo ya ɗauka.

Da Yusru ya gaya wa Galiya, sai ta ajiye cokalin suya. Ta jawo allon murji, ta baza gari, ta zana haƙora huɗu da wutsiya, a karkace amma daidai, matar da ba ta san alif ba. Shekara goma tana riƙe da siffar a kanta. Ta ɗaga yatsa ta tsaya.

"Ƙarƙashin na farko, ko? Guda biyu."

Ya ce haka ne.

Da sassafe ya zauna a bakin rumfa inda haske ya fi faɗowa, ya ɗora akwatin a cinya. Ya daɗe yana shafa barewar nan biyu, don ya san yanzu ko an yanka shi ba zai iya irin wannan aiki ba. Ya zaɓi mafi sirantar ƙarfen hujinsa ya wasa shi. Ya auna tazarar da zaren siliki, ya sake aunawa, ya yi bisimilla ya huda. Bai tsaya a sama-sama ba, ya zurfafa su sosai, yadda babu mai iya kankare su sai ya ɓata allon duka. Da ya hure ƙurar ya kai akwatin dab da ido, sai ya ga ɗigo biyu a jere, kai ɗaya, zurfi ɗaya. Ba su yi kama da kashin ƙuda ba ko kaɗan, kyau ma suka ƙara wa harafin, kuma wannan ya ba shi haushin kansa fiye da komai. Amma farin ciki ya rinjayi haushin. Tun da aka sauke shi a kasuwar bayi, yau ne ya fara ganin sunan da yake nasa shi kaɗai.

Bishru ya zo a rana ta uku yana dogara sanda, shi ma tsufa ya kama shi, ƙiba ta danne masa numfashi. Ya ɗauki akwatin ya jujjuya yana tambaya ko akwai tsaga. Babban yatsansa ya bi bayan akwatin, ya wuce, ya dawo, ya tsaya. Yusru yana kallonsa ido cikin ido, ba sunkuyar da kai, ba ranka ya daɗe. Ana jiyo masaƙa suna buga zarensu a ɗaya rumfar.

"Aiki ya yi kyau, ɗan'uwa," in ji Bishru. Ya naɗe akwatin a mayafi ya fita a hankali.

Yusru ya ɗauka mutumin ya saduda ne. Har tausayinsa ya ji, ya ƙudurta a ransa cewa in aka kira shi bakin labule zai roƙi Sayyida kada a taɓa tsohon, a bar masa lambunsa ya mutu a ciki. Ya aika wa Galiya cewa ranar Juma'a mai zuwa ce. Ita kuwa ta gaya wa maƙwabciyarta mai sayar da gasasshen kifi cewa in tana son kasko da murhu ta shirya, za a bar mata su.

Ranar Alhamis da hantsi Sha'aya maƙerin azurfa ya shigo rumfar da akwatin, don Yusru ya goge shi kafin a mayar ciki. Sha'aya mutumin kirki ne mai yawan fara'a, ba ruwansa da gulmar gidan manya, tun daga ƙofa ya fara godiya.

"Malam Yusru, Allah ya saka. Shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa samun masassaƙin da ya tausaya wa maƙeri irinka ba. Kullum ni ake bari in huda haure ina tsoron kada ya tsage. Ramukan nan biyu da ka yi min, wallahi ƙusoshin suka shige kamar a cikinsu aka haife su."

Ya warware mayafin. Siririn maɗaurin nan babu shi. A wurinsa ga wani mai faɗin yatsa uku, an yi masa siffar ganyen inabi, azurfa tsantsa tana sheƙi, ya kwanta lif a kan bayan akwatin. Ya rufe kalma biyun nan ruf, ko wutsiyar harafin ƙarshe ba ta leƙo ba. Kawunan ƙusa biyu suna zaune a jere a tsakiyar ganyen, daidai inda Yusru ya auna da zaren siliki.

Sha'aya ya ci gaba da bayani. Shugaba Bishru da kansa ya zana masa faɗin a takarda, ya ce siririn ne ya sa na farko ya karye, ya kuma nuna masa ramukan ya ce an riga an huda masa. Shi har ya yi magana a kan ɗan rubutun da zai rufu, amma shugaba ya ce a bar shi, sunansa ne, tsufa ya zo, ya gaji da yabon mutane, ya fi son ladan Allah. Sha'aya ya girgiza kai don mamakin irin wannan tawali'u, ya ce ya daddaƙe bakin ƙusoshin daga ciki yadda ko jikokin jikoki ba za su ga ya motsa ba. Ya yi sallama ya tafi yana murmushi.

Yusru ya zauna da akwatin a cinya. Can ya ɗauki wuƙarsa mafi ƙarfi ya cusa bakinta a ƙarƙashin ganyen azurfar. Ya san haure fiye da yadda ya san fuskar matarsa. Ya san in ya danna, ƙusoshin ba za su fito ba, allon ne zai tsage, kuma ya san inda tsagar za ta bi: daga ramin farko ta gangara ta raba wuyan barewar dama, ta wuce cikin 'ya'yan itacen. Sunan zai fito fili a kan fasasshen akwati, Sayyida za ta gani, ko bulala za a yi masa daga baya sai an ba shi takardarsa. Dannawa ɗaya ce. Ya riƙe wuƙar yana kallon idon barewar, baƙin dutsen da ya yi kwana biyu yana dasawa. Sai ya zare wuƙar ya ajiye. Ya tsani kansa a lokacin, kuma ya ci gaba da tsanar har ya mutu, a bawansa, shekara biyu kafin fitina. Amma a ranar ulu ya ɗauko da man almond kaɗan, ya goge akwatin lungu-lungu har da sabon maɗaurin, don aiki ba ya fita daga hannunsa da dauɗa. An ce da Sayyida ta ji dalilin rufe sunan, hawaye ta yi, ta ƙara wa Bishru wata alkyabbar.

Da yamma ya gangara bakin gada. Galiya ta hango tafiyarsa tun daga nesa, ta gane, sai ta juya ta ce wa mai kifi ta manta da zancen kaskon. Ya zauna a kujerarsa ta bayan murhu. Bayan wani lokaci ya jawo allon murjin, ya baza gari, ya zana haƙora huɗu da wutsiya, ya dangwala ɗigo biyu a ƙarƙashin na farko. Suka zuba wa sunan ido su biyu. Ta bar shi nan iyakar yadda za ta iya, har wani ɗan dako da ke tsaye da kwanonsa ya fara tambaya ko yau ba a suya ne. Sannan ta share garin da gefen hannu ta zuba a kwano, ta ɗiga ruwa ta fara kwaɓawa.